Matar Da Ke Cire Filogi Da Gangan

Kafin masu shara su gama da barandar ofisoshi, Maman Netwok ta riga ta iso. Ba ta fara shiga ofishinta. Da jakarta a kafaɗa take wucewa can ƙarshen baranda, inda wani ɗan ɗaki marar taga yake, wanda a da ma'ajiyar bokitai da tsintsiya ne. Sai ta buɗe ƙofa ta tsaya ta saurara. Ta taɓa ce mini kunne ne ke fara sanin na'ura ba ta da lafiya, tun kafin allo ya faɗa. Daga nan ta kai bayan hannunta gaban na'urar sanyaya ɗaki, ta dubi ƙananan fitilun da ke ƙyaftawa, ta zari tsohuwar rigar sanyin da ke rataye a bayan ƙofa ta saka. Sai ta gama wannan gaisuwar da na'urorinta sannan mu 'yan Adam muke samun tamu.

Ni malama ce a wannan kwaleji tamu ta koyon aikin jinya da ungozoma, kuma shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina ganin wannan mata tana wucewa ta ƙofar ofishina. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Maman Netwok, sunan ya bi ta har shugaban kwaleji ma da shi yake kiran ta. Ni kuwa Yaya nake ce mata, don ta girme ni, kuma don ta fi yayyena na gida yi mini faɗa. Aikinta irin wanda ba a gode wa mai shi ne. Ranar da intanet ke tafiya lafiya lau ba wanda ke tuna akwai ta. Ranar da ya tsaya kuwa, har mai gadi ya san hanyar ɗan ɗakin nan.

A cikin ɗakin akwai wasu na'urori biyu masu kama ɗaya, ɗaya bisa ɗaya a cikin kabad na ƙarfe. Masu sana'ar suna kiran irinsu furoksi. Ita Tagwaye take ce musu, na sama Babba, na ƙasa Ƙarami, ko da yake girmansu ɗaya ne. Na taɓa tambayar ta mene ne aikinsu, ta ce, "'Yan aike ne, ƙanwata. Kwamfutarki ba ta fita waje da kanta. Abin da kike nema a intanet, su take gaya wa, su je su karɓo su kawo miki. In kuma wurin da aka hana zuwa ne, su ce ba za su je ba." Iyakar abin da na fahimta ke nan, kuma ya ishe ni.

Sai dai Yaya tana da wata ɗabi'a da ta sa rabin ma'aikatan kwalejin nan suka taɓa yin fushi da ita. Lokaci zuwa lokaci, da rana tsaka, ana tsakiyar aiki, sai ta shiga ɗakin ta kama filogin ɗaya daga cikin Tagwayen ta zare. Lafiyarsa ƙalau, bai yi mata komai ba. Ta tsaya da filogin a hannu tana kallon ɗan'uwansa, ta ga ko zai ɗauki aikin su biyun. Ba ta sanar da kowa. Har gobe ina ganin da ta riƙa gaya mana ko da da safe ne, kuma na faɗa mata haka ya fi a ƙirga. Amsarta ɗaya ce kullum: "Ranar da zai mutu da gaske, zai sanar da ke?"

Wannan ɗabi'a tana da asali, kuma asalin shi ne dalilin wannan rubutu.

A wata shekara ina da wata ɗaliba a ajin ƙarshe da 'yan ajin suke kira Kaka. Ta girme su nesa ba kusa ba, ta ma girmi wasu malaman. Ta daɗe tana aikin gyaran gado da wanke kwanukan marasa lafiya a asibiti, sai da 'ya'yanta suka tasa sannan ta koma makaranta. A ɗakin marasa lafiya ba mai kama ƙafarta. Hannunta a kan jijiya kamar an haife ta da allura. Amma jarrabawar ƙarshe ta samun lasisi a kwamfuta ake yin ta, kuma Kaka da kwamfuta ba sa ga maciji. Ta zauna ta faɗi, ta sake zama ta faɗi. Dokar hukumar da ke ba da lasisi ta ƙayyade yawan zaman da mutum zai yi, kuma saura mata guda ɗaya.

Ta yi wannan zama na ƙarshe tare da 'yan ajinta a ɗakin kwamfutocinmu. Ta fito tana murmushi, ta ce mini, "Malama, wannan karon na ji a jikina." Muna jiran sakamako sai saƙo ya zo daga hukuma cewa an riƙe sakamakon cibiyarmu gaba ɗaya. Wai a wajensu duk amsoshin ajin daga kwamfuta ɗaya suka fito, don haka suna zargin mutum ɗaya ne ya zauna ya yi wa kowa.

Ni ce na tsare jarrabawar nan da idona, don haka abin ya yi mini ciwo ƙwarai. A taron da shugaba ya kira, Yaya ce ta yi bayani. A lokacin ɗan aike ɗaya ne muke da shi. Kowace kwamfuta tana da adireshinta, amma in ɗan aiken ya fita, da nasa adireshin yake gabatar da kansa. Hukumar ta canja tsarinta a shekarar, ta fara duba adireshin da kowace amsa ta fito, sai ta ga fuska ɗaya tana ta dawowa.

Shugaba ya ce, "To a cire ɗan aiken mana, kowa ya fita da kansa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shi ne ke hana su buɗe wasu shafuka suna jarrabawa. In muka cire shi, hukumar za ta kama mu da laifin da ya fi wannan."

Bayan kai da kawo, hukumar ta yarda a sake zama sau ɗaya. Sharaɗin shi ne kowace kwamfuta ta bayyana da adireshinta, kuma kada jarrabawar ta katse. In aka sake samun matsala, za a lissafa zaman a matsayin faɗuwa ga kowa, a kuma rufe cibiyar. Ga sauran ɗalibai wannan asarar shekara ce. Ga Kaka kuwa ƙarshen magana ke nan, sai ta koma gyaran gado da ilimin da ba ta da takardar nuna shi.

Kaka da kanta ta je ɗan ɗakin nan. Ina wurin, don ni na raka ta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta, ta ce, "Anti, ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Na dai zo in ji ko zai yiwu."

Yaya ta dube ta, ta ce, "'Yar'uwa, ke je ki yi karatunki. Wannan ɗakin nawa ne, ki bar mini shi."

Abu biyu ta yi. Na farko, ta koya wa ɗan aiken ya riƙa fita da sunan wanda ya aike shi. In kwamfutar Kaka ce ta yi aike, da adireshin kwamfutar Kaka zai je, hukumar ta ga Kaka. Na ce mata, "Yaya, wannan ba sojan gona ba ne?" Ta ce, "Sojan gona da izinin mai gonar. Da can ne yake ɓoye ku, yanzu gaskiya zai riƙa faɗa." Na biyu, ta tsaya kai da fata sai da aka kawo ɗan aike na biyu, aka haɗa su suna raba aikin ɗakin rabi da rabi, yadda in ɗaya ya faɗi ɗayan zai ɗauka. A nan aka samu Tagwaye.

Aka gwada, komai ya tafi daidai. Hukumar ta duba daga can ta ce tana ganin kowace kwamfuta da adireshinta. Shugaba ya yi hamdala, ni ma na sami barci. Na tara ajin a ɗakin kwamfuta muna jarrabawar gwaji, don Kaka da irinta su saba da zama. Muna tsaka da yi sai rabin ɗakin ya tsaya cak. Layukan da ke kusa da ƙofa suna aiki, na ɓangaren taga kuwa ba abin da ke motsi sai 'yar da'irar nan da ke juyawa a allo. Kaka a ɓangaren taga take.

Na fita a fusace na nufi ƙarshen baranda. Na same ta tsaye da filogin Babba a hannu, mataimakinta Injiniya Dogo yana durƙushe gaban allo yana share zufa duk da sanyin ɗakin.

Na ce, "Yaya, me ya faru?"

Ta ce, "Ni na cire."

Na ce, "Kin cire? Muna jarrabawa?"

Ta ce, "Gwaji kuke yi, ni ma gwaji nake yi. Kin ga kuwa nawa ya faɗi."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta zauna a kan wani kwali ta yi mini bayani a hankali, kamar da kanta take magana. Tunda 'yan aiken suka fara fita da sunan ɗalibai, amsa ma da sunan ɗalibai take dawowa. Akwai wata na'ura a bakin hanya, rauta, wadda ita ke tare amsar ta miƙa wa ɗan aiken da ya yi aiken. Yaya ta tsara hanyar fita yadda in Babba ya faɗi aike zai koma wajen Ƙarami da kansa. Amma hanyar dawowa da hannu ta rubuta ta, ta ce amsar ɓangaren taga a ba Babba, ta manta ba ta ce komai ba game da ranar da Babba ba ya nan. Ƙarami yana ta fita aike, amsa tana ta dawowa ana miƙa wa gawa.

Ta ce, "Kuskurena ne, Dogo ba ruwansa. Muddin su biyun suna raye ba wanda zai taɓa ganin sa."

Ta gyara a ranar. Washegari ta sake cire filogin Babba, washegarinsa kuma ta cire na Ƙarami. Ta yi ta yi har ma'aikatan ofishin rajista suka kai ƙarar ta wajen shugaba, don duk sanda ta cire sai shafi ya ɗan tsaya musu. Shugaba ya kira ta, ta ce masa, "Ranka ya daɗe, gara su yi fushi da ni yau." Ya ƙyale ta.

Ranar jarrabawar, da hantsi, ina zagaya ɗakin hannuwana a baya. Shiru ne sai ƙarar madannai. Can sai na ga ɓangaren taga sun ɗago kai kusan a tare. Da'irar nan ta dawo tana juyawa. Na tsaya na dafa teburi. Na dubi Kaka, na ga ta janye hannuwanta daga kwamfutar ta ɗora su a cinya, leɓunanta suna motsi. Wakilin hukuma da ke zaune a gaba ya fara miƙewa. Kafin ya gama tura kujerarsa baya, shafukan suka dawo, kowa a kan tambayar da ya tsaya, amsoshinsa na nan. Ya koma ya zauna. Kaka ta ja numfashi ta ci gaba.

Ina fitowa na yi niyyar zuwa in wanke Yaya tas, don na ɗauka halin nata ne ya motsa har a irin wannan rana. Amma ɗalibai suka rufe ni da surutu, abin ya shige. Sakamako ya fito, ba a riƙe na kowa ba. Kaka ta ci. Ta zo ofishina ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Wannan sauƙin da na ji a ƙirjina ranar, har yau in na tuna sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Sauran labarin sai makon jiya na ji shi, a ɗan taron bankwanan da muka yi mata a ɗakin malamai. Tsofaffin ɗalibai sun zo, har da Kaka, wadda yanzu ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a ɗakin haihuwa, da farar rigarta don daga aiki ta biyo. Aka ba Injiniya Dogo dama ya yi magana, tunda shi zai gaji kujerar. Mutum ne marar son magana, ya yi furfura a ɗakin nan shi ma. Ya miƙe ya ce shi abu ɗaya zai faɗa.

Ya ce, "Ranar jarrabawar da aka sake, ba Anti ce ta cire filogi ba. Muna zaune sai muka ji wata 'yar ƙara, sai ƙaurin ƙonewa. Babba ne ya ƙone daga ciki. Fitilunsa suka mutu gaba ɗaya. Anti ba ta taɓa komai ba, ta tsaya tana kallon Ƙarami. Da ya ɗauka, sai ta ce mini in buɗe ƙofa hayaƙin ya fita."

Kaka ta ajiye kofin da ke hannunta, ta ce, "Anti, wannan ɗan tsayawar da allo ya yi, shi ne?"

Yaya ta ce, "Shi ne."

"Da ba ki gano wancan kuskuren ba fa?"

"Ai kina ɓangaren taga, da allonki bai dawo ba."

Kaka ta nemi kujera ta zauna. Sannan ta ce, "Shekara da shekaru ina ce wa mutane addu'ata ce ta dawo da allon nan."

Yaya ta ce, "Ki ci gaba da faɗa, 'yar'uwa. Wa ya ce miki ba ita ta sa ni cire filogin ba?"

Na tambaye ta daga baya me ya sa ba ta taɓa gaya mana ba. Ta ce ta gaya wa shugaba a ranar, don a sayo abin da ya ƙone, kuma an sayo. "Ku kuma me zan ce muku? An yi jarrabawa, an gama lafiya."

To Yaya, ni zan faɗa, tunda ke ba za ki faɗa ba. Ke ce kika nemo kuskurenki da hannunki a ranar da kowa ke yaba miki, kika kuma ce naki ne a gaban wanda ke ƙarƙashinki. Ke ce kika yarda a yi miki kallon mai ɓata wa mutane aiki, shekara da shekaru, don kada wata rana aikin ya ɓaci da gaske. Uwar Tagwaye, mai rigar sanyi a tsakiyar zafi. Ɗalibai nawa ne suka zauna a ɗakin nan bayan Kaka suka tashi da lasisinsu, ba su san sunanki ba balle su gode miki? Matan da Kaka ta karɓi haihuwarsu ba su taɓa jin labarin ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda ba. Ni na sani, kuma a madadinsu nake cewa mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar jin daɗinsa. Maganar sanar da mu kafin ki cire filogi dai ina nan a kan bakana.

Ga sauranmu kuma, kowa yana da wani abu a wurin aikinsa da ya ajiye don ranar tsiya. Janareta ne, tayar safiya ce, tukunyar iskar numfashi ce da ke jingine a lungun ɗakin marasa lafiya, ko mutumin da aka ce shi zai riƙe wuri in ba ka nan. Yaushe rabonka da ka gwada shi? Kada mu jira ranar ta zo ta gwada mana. A gwada yau, ana lafiya, ko da za a yi fushi da mu. In kuma akwai mai yi mana irin wannan a ɓoye, a nemi ɗakinsa a je a gaishe shi a ranar da babu abin da ya lalace.

Da taron ya watse, Yaya ta ce za ta je ta ɗauko rigar sanyinta. Muka bi ta, ni da Kaka da Dogo. Ta buɗe ƙofa ta tsaya ta saurara kamar kullum. Ta dubi Dogo, ta nuna masa kabad ɗin da haɓa. Ya ce, "Yanzu, Anti? Ana rajistar sababbin ɗalibai fa." Ta sake nuna masa. Ya sunkuya ya kai hannu, sai Kaka ta ce, "Injiniya, don Allah bar ni ni in cire."

Ya nuna mata filogin. Ta kama shi da hannun nan nata da ya saba da jijiya. Ta zare. Fitilun Babba suka mutu. Muka zuba wa Ƙarami ido mu huɗu. Fitilunsa suka ɗan yi jim, sannan suka kama ƙyaftawa da sauri fiye da da. Daga can ofishin rajista muka jiyo wata tana cewa, "Maman Netwok ta fara ko?" sai kuma ƙarar madannai ta ci gaba.

Yaya ta karɓi filogin daga hannun Kaka ta mayar. Ta ɗauko rigar sanyin daga bayan ƙofa, ta juya ta, ta dubi Dogo, ta sake rataye ta a inda take. Ta ce, "Za ka buƙace ta." Sannan ta saɓa jakarta ta wuce gaba, mu kuma muka ja ƙofar.